Rabin Darasin Da Na Saki

Akwai wata ranar Litinin da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun shuɗe, na ajiye aiki, ganina ya ragu, amma in na tuna safiyar nan sai in ga kamar yau abin ya faru. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma laifin ba nasu ba ne. Nawa ne.

Ni malamin gona ne. Karatuna bai yi nisa ba: firamare, sai makarantar koyon aikin gona, sai aiki. Na haura shekara talatin ina yawo a kan babur a ƙasar Bagudo, yau Lafagu, gobe Kurgu, jibi Geza, har ƙauyukan da ke bakin iyakarmu da Benin. A shimfiɗa mini tabarma a gindin itace, manoma su zagaye ni, in yi ta bayani har rana ta karkata.

Ina da wata dabara ta koyarwa da nake ji da ita ƙwarai. Ba na fara da faɗin daidai. Sai in fara da kuskuren da mutane suka saba yi, in bayyana shi dalla-dalla da murya mai nauyi kamar shi ne gaskiya. Idan na ga kowa yana gyaɗa kai, sai in ce, "Haka ake yi ko?" Su ce, "Haka ne, Malam." Sai in yi shiru kaɗan, in kalle su ɗaya bayan ɗaya, sannan in gaya musu cewa wanda ya yi haka ya halaka gonarsa, ko dabbarsa, ko iyalinsa. Nan take wuri zai yi tsit, masu gyangyaɗi su farka. Daga nan ne nake kawo daidai ɗin, kuma ba sa mantawa. Gaskiya dabarar tana aiki. Amma yau da na tsufa na san ba don amfaninta kaɗai nake son ta ba. Ina jin daɗin ganin manyan mutane sun ji kunya a gabana.

Ana saura mini shekara biyu in ajiye aiki, wata ƙungiya mai taimakon manoma ta kawo mana sabon tsari. Dandalin karatu ne a intanet, ana shigarsa ta manhaja a waya. Malami zai ɗauki darasinsa da murya, ya ɗora. Manomin da ya yi rajista zai sauke shi a wayarsa duk inda ya samu sabis, ya koma gida ya saurara a lokacin da ya ga dama. Akwai wurin da ɗalibi zai bar tambaya da murya, akwai kuma wurin da malami zai ga waɗanda suka buɗe darasinsa. Mu takwas aka zaɓa, ni ne babba a cikinsu da tazara mai yawa.

Wadda aka turo ta koya mana wata jami'a ce, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Mace mai haƙuri. Kwana uku tana nuna mana yadda ake buɗe aji, yadda ake sa wa darasi suna, da yadda ake ɗora murya. Ta ce kada darasi ya wuce minti biyar, saboda data tana da tsada kuma sabis ɗinmu ba shi da ƙarfi. In ya yi tsawo a raba shi biyu. Ta nuna mana maɓalli biyu, ɗaya na ajiyewa, ɗaya na saki. Ta ce wanda aka ajiye malami kaɗai ke ganinsa, wanda aka saki kuwa ya tafi ke nan. Ta maimaita ya fi sau biyar cewa kada kowa ya saki darasi sai ya shiga kamar ɗalibi ya saurare shi daga farko har ƙarshe.

Ni kuwa yatsuna sun yi kauri, in taɓa nan can ya buɗe. Abokan aikina matasa suna ta dariya ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya ce a nemo wa Baba waya mai giya kamar ta babur, ko zai fi gane ta. Na yi dariya tare da su, amma abin ya zauna mini a rai.

A rana ta uku kowa ya gwada ɗaukar darasi a gaban jama'a. Lokacin kaka ne, an fara sussukar wake, don haka aka ba ni darasin ajiyar wake. Akwai wata ƙwayar magani da ake sayarwa a kasuwanninmu, ana sa ta don kada ƙwari su cinye hatsi. Tana aiki, amma iskar da take fitarwa guba ce, tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Na yi darasin yadda na saba. Abokan aikina suka tafa. Jami'ar ba ta tafa ba. Da aka tashi sai ta same ni ni kaɗai, ta rage murya don kada ta kunyata ni.

"Baba, darasin ya yi kyau. Amma mai saurare a waya ba ya ganin fuskarka. Ka fara da haɗarin, don Allah."

Na ce mata, "Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nake wannan darasi."

Ba ta yi musu da ni ba. Ta ce za ta tafi Birnin Kebbi taro, sai Litinin za ta dawo, in ɗauka in ajiye, idan ta dawo mu saurara tare kafin a saki. Na ce to. A zuciyata kuwa na riga na ƙudura cewa kafin ta dawo darasina zai kasance a wayar manoma, yaran nan su san tsohon bai mutu ba.

Ranar Alhamis na zauna a ɗakina na ɗauki darasin. Ya kai minti goma sha ɗaya. Na tuna an ce a raba, sai na nemi inda ya fi daɗin yankawa. Ina kuwa ya fi daɗi in ba wurin da nake yin shiru ba? Kashi na farko ni ne ina cewa ka sayo ƙwaya, ka jefa a buhu, ka ɗaure baki, ka jingina buhunan a ɗakin kwana inda ɓarawo ba zai kai gare su ba, ka rufe ƙofa da taga. Sai in ce, "Haka ake yi ko?" Nan kashi na farko ya ƙare. Kashi na biyu ne yake farawa da cewa wanda ya yi haka ya kashe iyalinsa, sannan ya kawo bayanin rumbu na nesa da gida, da buhu mai leda a ciki wanda ba ya buƙatar magani.

Da la'asar na je harabar ofis inda sabis ya fi kamawa. Na ɗora na farko, ya hau, na danna saki. Na ɗora na biyu, wani ɗan zobe ya fara juyawa a allon. Na jira, yana ta juyawa. Cajin wayata ya yi ƙasa, ga magariba ta gabato. Na ce a raina ai tunda ya fara tafiya zai isa da kansa, kamar wasiƙar da aka jefa a akwati. Na sa waya a aljihu na tafi gida. Ban shiga kamar ɗalibi ba. Ban sake buɗe manhajar ba Juma'a, Asabar, Lahadi. Ina ta bikin auren ɗan ƙanena, ina gaya wa mutane cewa yanzu muryata tana intanet.

Litinin da safe na isa ofis da wuri don in nuna wa jami'ar abin da na yi. Muka zauna, na buɗe ajina da fara'a. Sai ta nuna mini wata alama ja a gefe, ta ce wani ɗalibi ya bar mini saƙo. Ta danna.

Na gane muryar nan take. Wani manomi ne daga wani ɗan ƙauye da ke dab da iyaka, mutum mai kawaici, wanda na koya wa noman masara shekaru da yawa. Bai taɓa samun waken da ya wuce na ci ba sai a wannan shekarar, don haka bai taɓa zama darasina na ajiya ba. Ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya gode, da ma yana tsoron ƙwayar nan saboda maganganun da ake yi a kanta, amma tunda ya ji daga bakina hankalinsa ya kwanta. Ya ce ya riga ya saya, gobe in an gama ɗura wake zai sa, ya jera buhunan a ɗakin tsohuwarsa, tunda ita ba ta fita ko'ina, babu mai shiga ya ɗauka.

Ranar Asabar ya aiko saƙon. Goben da yake faɗa ita ce jiya.

Jami'ar ta karɓi wayar daga hannuna, ta duba jerin darussa. Kashi na farko yana nan, an sake shi. Kashi na biyu yana zaune a wayata, bai je ko'ina ba. Ta saurari na farko har ƙarshe, muna zaune, muryata tana fita cike da tabbaci. Ban taɓa jin tsoron wata murya kamar yadda na ji tsoron tawa a wannan safiya ba. Na so in yi salati, bakina ya kasa haɗa kalmomin.

Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta cire darasin daga dandalin nan take, amma ta gaya mini cewa wanda ya riga ya sauke, yana nan a wayarsa, babu yadda za mu goge shi daga nan. Ta buɗe jerin waɗanda suka saurara. Mutum goma sha huɗu ne. Ta raba lambobinsu tsakaninmu da abokan aikina da suka fara shigowa, har da mai maganar waya mai giya, wanda a ranar ko murmushi bai yi ba. Muka yi ta kira. Wasu sun san dabarata, suna jiran ci gaban. Wasu ba su gama sussuka ba. Wani a Geza ya ce ya saya amma bai buɗe ba. Kafin ƙarfe tara mun samu goma sha uku.

Na sha huɗun shi ne mai saƙon. Wayarsa ba ta shiga. Na san dalili: a ƙauyensu layin Najeriya ba ya kamawa, sai ranar kasuwa in sun fito suke samun sabis. Babu wanda za mu kira a can.

Na hau babur. Jami'ar ta biyo ni har bakin ƙofa tana cewa in na isa kada in shiga ɗakin kai tsaye, in buɗe ƙofa da taga in ja baya, in kuma ɗauko kwalin maganin don a nuna a asibiti. Abin da ni ya kamata in koya mata, shi take tuna mini, domin ta ga hankalina ba ya jikina.

Hanyar nan na bi ta ya fi sau ɗari, amma a ranar ta ƙi ƙarewa. Na ƙetare kogi, na bar kwalta, na shiga ta ƙasa. A kowane shingen bincike sai in tsaya in yi bayani. Duk wanda na hango yana tahowa daga wajen iyaka sai in duba fuskarsa, ko zan ga alamar daga jana'iza yake. Ina ta lissafin mutanen gidan a raina. Na san tsohuwar. Na san akwai jikarta ƙarama da ke kwana da ita. Na riƙa roƙon Allah a kan abubuwan da ban taɓa roƙa ba: Allah ya sa waken bai bushe ba, Allah ya sa buhu ya ƙare musu, Allah ya sa mutumin nan ya yi kasala ko da sau ɗaya a rayuwarsa. Amma na san shi. In ya ce gobe, goben ce.

Na isa gab da azahar. Da na kashe babur na kasa kunne. Babu kuka. Wannan ya ba ni ƙarfin sauka. Na yi sallama a zaure, ban jira amsa ba na shige, abin da ban taɓa yi a gidan wani ba.

Abin da na fara gani kaza ce da 'yan tsakinta, a mace, a bakin ƙofar wani ɗaki. Sai wari ya buge ni, kamar na tafarnuwa da ta ruɓe. Sai na ga tsohuwar kwance a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, surukarta tana riƙe da kanta, ga ƙwarya a gefe. Ta yi amai har ta gaji. Numfashinta yana fita da ƙyar, ƙirjinta yana ɗagawa. Suna zaton ciwon ciki ne na tsufa, suna ba ta jiƙo.

Manomin ya taso da murna da mamaki, yana mini barka da zuwa, yana cewa a kawo ruwa. Na ce ina yarinyar? Ya ce ta bi gwaggonta bikin suna tun shekaranjiya, ba ta kwana gida ba. Na ce masa kowa ya nisanci ɗakin nan, a fitar da tsohuwa waje inda iska take, a ɗauko babur ɗinsa yanzu. Ya ce, "Malam, lahiya?" Na ce guba ce, ƙwayar nan ce, zan yi masa bayani daga baya. Na ɗaure hancina da rawani, na tura ƙofa da sanda, na ɓalle tagar daga waje. Buhu shida ne jere a jikin bango, kan gadonta na kara yana jingine da na ƙarshe. Abin da ya cece ta, fitsari ne ya tashe ta kafin asuba, jiri ya kwashe ta a tsakar gida, ba ta iya komawa ciki ba.

Muka sa ta a tsakiya, ɗanta yana tuƙi, ƙanensa yana riƙe da ita ta baya, aka ɗaure ta da zani. Ni kuwa na karɓi kwalin maganin na sa a aljihu, ina biye da su. Duk inda kanta ya langaɓe sai in matso kusa da su in duba ko tana numfashi. A asibiti na miƙa kwalin, suka gane, suka shiga da ita da sauri.

Muka zauna a kan benci a waje, ni da shi. A nan na gaya masa komai. Na ce darasin rabi ne, abin da ya ji shi ne kuskuren, gyaran yana cikin wayata bai fita ba. Sai ya ciro wayarsa, ya kunna darasin, ya riƙe ta tsakaninmu. Muka saurara har inda na ce, "Haka ake yi ko?" Sai shiru. Ya duba allon, ya ga babu sauran komai.

"Ai sau ukku na saurara, Malam, don kada in yi kuskure," in ji shi. "Muryarka ce munka ji."

Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ya mayar da wayar aljihu ya tashi ya tafi alwala. Na fi son da mari ya yi mini.

Kwana tara ta yi a asibiti. Kullum ina can. Ranar da ta fara zama ta sha koko, na durƙusa a gaban gadon na ce, Inna, ni ne sanadin abin da ya same ki, ki gafarce ni. Ta dube ni da kyau, ta tambayi ɗanta ko wannan shi ne mai magana cikin wayar ga. Ya ce shi ne. Ta ce ita ta ɗauka wani yaro ne, ashe tsoho ne mai furfura kamarta. Matan ɗakin suka yi dariya. Sai ta yi tari mai tsawo, ta huta, ta ce:

"Na yahe maka, ɗan nan. Amma in ka ɗauko magana, ka ƙarasa ta."

Ta koma gida, amma ƙirjinta bai sake komawa daidai ba. Matar da take ɗebo ruwa a rijiyar gida da kanta ta koma ba ta iya kaiwa zaure sai ta huta. Da damina ta zagayo ta rasu. Na je gaisuwa. Mutane suna cewa shekaru ne, kwana ya ƙare, kuma na san rai a hannun Allah yake. Ɗanta ya karɓi gaisuwata, ya ba ni wurin zama kusa da shi. Har yau ban sani ba ko tsufa ne ya kai ta, ko daren nan guda da ta kwana da buhunan da muryata ta sa aka jera mata. Babu likitan da zai iya cire mini wannan, kuma da shi zan tafi.

Na so in bar dandalin gaba ɗaya, jami'ar ta hana ni. Ta ce manoma sun yarda da ni, kuma wannan yardar ce ta sa dole in iya abin. Na zauna gabanta kamar ɗan aji ɗaya, na sake koyo daga farko, wannan karon ina tambaya. Darasin da na fara saki bayan haka labarin nan ne da bakina, da izinin mutanen gidan, ban ɓoye laifina ba.

Abin da na koya shi ne, malamin da ke zaune da ɗalibansa yana da damar gyara maganarsa, domin yana ganin wanda bai gane ba. Wanda ya ɗora darasi a waya ba shi da wannan damar. Maganarsa za ta isa inda shi bai je ba, ga mutumin da ya yarda da shi, kuma mutumin zai aikata daidai abin da ya ji. Don haka duk malamin da zai fara wannan aiki, ya bar kowane guntun darasi ya zama gaskiya ko da shi kaɗai aka ji, ya saurari abinsa kafin ya saki, kuma ya karɓi gyara daga wanda ya fi shi sanin abin, ko da jikansa ne. Ni girman kai ya hana ni minti goma na dubawa, wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe waya ba ita ta ɗauki nauyinsa a ƙirjinta.